Ranar da Njaga Samb Ya Zauna a Kan Yashi

Ni tela ne, kuma tela a garin masunta bai fi kaza a bakin rijiya ba. Na fi shekara ashirin a Mbaw, kusa da Dakar, ina ɗinka wa mutane riguna, amma har gobe idan teku ta lashe mini idon sawu sai in fara kalmar shahada.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani masunci ya ce in zo in auna injin kwalekwalensa, in ɗinka masa rigar tamfol. Jirgin rabinsa a yashi, rabinsa a ruwa. Na tattare babbar rigata na hau, ina ta cika baki cewa kakana ma matuƙi ne. Igiyar ruwa guda ta zo ta ɗaga gindin jirgin, sai ga ni ƙafafu a sama. Na kurma ihu, na kira uwata da ta daɗe a kabari, na yafe wa duk wanda ya taɓa zagina. Ashe ruwan ko gwiwata bai kai ba.

Kafin in gane haka, wani hannu kamar ƙarfe ya damƙi wuyan rigata ya ja ni har kan busasshen yashi. Baye Libas Samb ne, Baye kuwa uba ke nan a harshenmu, tsoho ɗan kusan saba'in, da farar rigarsa ta Juma'a da carbinsa, duk sun jiƙe. Mata masu sayar da kifi suna ta faɗuwa ƙasa don dariya. Ni kuwa da yake ni ɗan gidan Mbaye ne shi ɗan gidan Samb, abokan wasa tun kakanni, sai na tofar da yashin bakina na ce, "Madalla da bawana! Gobe a ƙara maka cokali biyu na shinkafa."

Bai yi dariya ba. Ya dafa ƙirjina da tafinsa, ya ce, "Yi numfashi in ji." Na yi. Ya ce, "Ƙara." Sai da na ƙara sannan ya sake ni, ya juya ya hau tudun yashinsa.

Duk Mbaw ta san abin da ya sa ba ya dariya a kan irin wannan. Ni ma na sani, don a shagona yake shan shayi, kuma tsoho idan ya saba da kujera wata rana sai ya buɗe cikinsa.

A gaɓarmu akwai doka wadda ta girmi masallacin gari. Idan jirgi ya kife, a busa ƙahon katantanwa, kowa ya yar da abin da ke hannunsa ya tura jirgi, ko da wanda ke cikin ruwan jiya ya zagi uwarka. Amma jirgin farko da zai taɓa ruwa na jinin mutumin ne, uba ko wa ko ƙane. Ba a shiga gabansa. Idan shi bai tura ba, an ɗauka ya san abin da sauran ba su sani ba, sai kowa ya dakata.

A zamanin da Libas yake saurayi, ƙahon yana hannun ubansa, Njaga Samb. Ƙato ne mai ƙirji kamar ƙyauren zaure, wanda ya tsamo mutane daga ruwa har ya daina tuna sunayensu. Magana kuwa sai ka yi masa goma kafin ya ba ka ɗaya. Allah da ikonSa sai ya ba shi ɗa mai baki kamar reza. Libas ya iya ruwa tun kafin ya iya tafiya, amma warin kifi ne ba ya so. Ya gudu Dakar, ya shiga aikin sojan ruwa na Faransa, aka sa shi yaron kuku a jirgin yaƙi mai nitso, irin wanda ke tafiya a ƙarƙashin teku. Ranar hutu sai ya dawo gari da fararen kaya da hula mai jan tuntu, yana taku kamar zakara, 'yan mata suna leƙe ta katangar kara.

Ba a taɓa gaya wa Njaga yadda jirgin yake aiki ba. Ya dai san baƙi ne, dogo, da lamba a jikin hasumiyarsa, kuma ya haddace lambar kamar fatiha.

Wata safiya jirgin ya fito atisaye ya bi ta gaban Mbaw. Njaga yana kan tudu ya hango shi, har ya ga wani a kansa yana ɗaga hula. Ya kira matarsa Aram ta zo ta ga ɗanta. Tana isowa mutanen kan jirgin suka shige ciki, jirgin ya sunkuyar da hanci, ruwa ya rufe shi ruf.

Njaga bai tsaya tambaya ba. Ya busa ƙaho, ya tura jirginsa, gari duka ya bi shi. Suka isa wurin, babu komai sai kumfa. Ya faɗa ruwa ya nutsa, ya fito, ya sake nutsawa, har jini ya fara zuba daga hancinsa. Mata a gaɓa sun riga sun ɗora hannu a ka. Ana cikin haka sai teku ta tsage a tsakiyarsu, baƙin ƙarfen ya taso yana zubar da ruwa, kwalekwale biyu suka kife, masu ceto suka koma neman ceto. Murfi ya buɗe, Turawa suka fito suka ga tsirarun masunta sun kewaye su suna salati. Da suka gane abin da ya faru, dariya har da riƙe ciki. Wani ya ɗauko na'urar hoto. Kyaftin kuwa bai yi dariya ba, don saura kaɗan ya kashe mutane, ya sa aka hana Libas fita hutu.

Daga ranar sunansa ya ɓata a jirgi. Kukun da yake yi wa aiki, wani gajeren Bature mai tumbi da ake kira Lagof, ko cokali ya faɗa cikin tukunya sai ya ce, "Libas, yi maza kira babanka, cokali ya nutse!"

Da aka sake shi ya zo gida cike da fushi. Ya tarar ana cin shinkafa da kifi, ya zauna bai ko wanke hannu ba.

"Baye, ka kashe ni a Dakar. Ko kare ya gan ni sai ya yi dariya."

Njaga ya ci gaba da cire ƙaya daga kifi. "Na ga ruwa ya rufe ka."

"Aikinsa ke nan! Nutsewa ita ce sana'arsa, kamar agwagwa. Ka taɓa ganin an busa wa agwagwa ƙaho?"

"Agwagwa ba ta taɓa haɗiye mini ɗa ba."

Aram ta ce, "Libas, sassauta harshenka, da ubanka kake magana."

Ya ce wa uwar, "Yay, ai shi ya sa nake magana a gida. Da wani ne da a bakin kasuwa zan yi masa." Ya juya ga uban. "Ka rantse mini. Ko ka ga ya nutse da idonka, ko gari duka ya ce ka tura, ka zauna."

Tsohon ya ɗago kai. "To, ɗan Nasara, gaya mini. Yaya zan bambance nutsewar wasa da ta gaske?"

"Babu ta gaske. Bature ne ya ƙera shi, ba ƙanena Matar da gizagonsa ba."

Ƙanen nasa mai suna Matar yana gefe, ya ce, "Ni me na yi kuma?" Aka ɗan yi dariya, amma Libas bai saki maganar ba. Ya ce idan ba a rantse ba, ba zai sake taka Mbaw ba. Aram ta fara share ido da gefen zane. Njaga ya dubi matarsa, ya dubi ɗansa, sannan ya ajiye lomar da ke hannunsa ya rantse da ɗamarar ubansa, rantsuwar da a wurinmu namiji ba ya yi sau biyu. Libas ya wanke hannu ya ci abinci har da ƙari.

Ba a daɗe ba babban yaƙi ya zo. Jamus ta murƙushe Faransa, Faransawa suka rabu biyu, wanda jiya abokinka ne yau abokin gaba. A ƙarshen damina jiragen Ingila suka tsaya a gaban Dakar suna ruwan wuta. Hazo ya kwanta a kan teku kamar auduga. Aka umarci jirgin su Libas ya fita.

Yana tsaye a ɗan lungun girki yana riƙe da tukunyar wake don kada ta zame, sai ya ji wani abu kamar an buga ƙatuwar ganga da kansa a ciki. Jirgin ruwan Ingila ne a samansu, su suna ƙarƙashin teku, yana sako musu bama-bamai. Fitilu suka mutu. Kwanuka suka tarwatse. Aka sake bugawa, ruwa ya fara tsartuwa ta wurin da bai kamata ba, wani wari mai shaƙe maƙogwaro ya taso daga ƙasa. Mutanen da suka saba ihu da zagi duk suka yi tsit, ba ka jin komai sai tari da kukan ƙarfe. Lagof ya kama hannunsa a cikin duhu yana kiran Maryama, shi kuma yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Jirgin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, sannan da kyar, kamar tsohuwar saniya mai tashi daga taɓo, ya yunƙura ya taso.

Kyaftin ya ce kowa ya fita. Suka fito ɗaya bayan ɗaya suna faɗawa ruwa ta ɓangaren da ba ya kallon gaɓa, don nan ne jirgin ya karkata. Na ƙarshe yana fita, jirgin ya ɗaga wutsiya sama ya tafi, wannan karon babu dawowa.

Ruwa gidan Libas ne. Ya cire takalma, ya waiga ya ga Lagof yana shan teku yana ɗaga hannu, ya je ya tallafe shi ta haɓa. Jirgin da ya buge su ya ɓace cikin hazo. Sai iska ta ɗan yaye hazon ta gefen ƙasa, ya hango can nesa tudun yashin Mbaw da kukar da ke bayansa, ƙanana kamar zane a jikin ƙwarya. Zuciyarsa ta yi fari.

Ya ce, "Kwantar da hankalinka, tumbi. Garinmu ke nan. Yanzu za ka ji ƙaho."

Ya kasa kunne. Ruwa yana ɗaga su yana saukewa. Ya ce wa sauran su matso wuri ɗaya, mutanensa suna zuwa, ba su taɓa barin kowa a ruwa ba. Ya sake kasa kunne. Babu komai sai ƙarar igwa can wajen Dakar.

Lagof ya ce, a hankali, babu tsokana a ciki ko kaɗan, "Libas, ina babanka?"

A nan ne ya tuna. Ya ce mini da ruwan ya haɗiye shi a lokacin da ya fi masa sauƙi. Ya san suna gani. Ya san jiragen suna jere a bakin ruwa, mazaje suna riƙe da su, kowa ya zuba wa mutum ɗaya ido. Ya ɗaga kai iya ƙarfinsa ya yi ihu, "Baye! Ta gaske ce! Baye!" Amma murya ba ta tsallake irin wannan ruwa. Hazo ya sake rufewa.

Sun daɗe suna shawagi kafin jirgin Ingilan ya dawo ya sako musu raga. Aka tsamo su kaf, daga kyaftin har yaron kuku, ko mutum ɗaya bai salwanta ba. Aka ba su barguna da shayi mai zafi. Turawa suna rungumar juna suna kuka da dariya. Libas kuwa da ya ga jirgin ya juya wa ƙasa baya, sai ya yar da bargo ya ruga zai faɗa ruwa. Mutum uku suka danne shi. Sun zaci tsoro ne ya taɓa masa kai.

Ba tsoro ba ne. Ya san ubansa. Ya san idan rana ta faɗi jirgi bai taso ba, Njaga zai gane cewa ya zauna a kan yashi yana kallo ruwa ya cinye ɗansa. Kuma a al'adarmu wanda ruwa ya ci, nasa ba sa daina nema sai teku ta mayar da shi. Sauran mutane sukan gaji su bar wa Allah. Njaga ba ya cikin sauran mutane. Abu ɗaya ne kawai zai hana shi fita, ya ji cewa ɗansa yana da rai.

Aka kai su Saliyo aka tsare a wani sansani. Tsakanin can da Dakar ko tsuntsu ba ya wucewa, don ƙasashen sun zama abokan gaba. Turawan jirgin suka samu hanyar aika wa iyalansu labari can Faransa. Libas ya yi ta bin manya yana roƙo a aika Mbaw, kowa ya ce masa gobe. Su abin da ya dame su shi ne wane ɓangare za su bi a yaƙin, kullum gardama har da dambe. Aka tambaye shi shi wane ɓangare yake, ya ce ɓangaren gida.

Da ya ga goben ba ta da ranar zuwa, sai ya shirya da wasu fataken goro masu tafiya arewa ta ƙasa. Lagof ne kaɗai ya sani. Ya cire takalmansa ya ba shi, ya ce, "Ka gaya wa tsohon, ni mai tumbin nan na ce ya yafe mini dariyar." Libas ya fita cikin masu kwasar shara, bai waiwayo ba.

Ya ɗauki kayan goro a ka ya hau duwatsun Futa, shi da bai taɓa hawa abin da ya fi tudun yashi ba. Kowace asuba idan ya buɗe ido, abin da yake fara gani shi ne ubansa yana tura jirgi, sai ya tashi fatake tun ba su gama barci ba, har suka sa masa suna Mai Gaggawa. A wani ƙauyen Fulani zazzaɓi ya kayar da shi. Fatake suka jira kwana biyu suka wuce. Wata tsohuwa ta yi jinyarsa da nono da saiwoyi, yana kwance har jinjirin wata ya fito ya mutu, wani ya sake fitowa, yana jin ƙafafunsa kamar na wani. Da ya iya tsayawa ya kama hanya shi kaɗai. Ya yi dako, ya yi tuƙin fito a kogin Gambiya don a tsallakar da shi, ya kwana a masallatai, yana ɓuya daga 'yan sandan iyaka na ɓangarorin biyu. Takalman Lagof suka ƙare a hanya, ya ƙarasa da ƙafa.

Sanyi yana ƙarewa ya shigo Mbaw, da la'asar, ta bayan kuka. Tun daga nesa ya ji ƙamshin shinkafa da na gero da nono. Ya ga tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidansu, dattawa zaune suna jan carbi, mata suna kai da kawo da manyan kwanuka. Sadaka ake yi. Ya ce a ransa, wato har yanzu ba su gama da ni ba. Daɗi ya kama shi, tsohon bakin nan nasa ya motsa. Ya tsaya a tsakiyar fili, ƙashi da fata, gemu buzu-buzu, ya ɗaga murya.

"Ku rage mini, jama'a! Mai sadakar ya iso da kansa!"

Wuri ya watse. Kwano ya kife. Wata tsohuwa ta ɗebi yashi ta watsa masa don ta ga ko zai ɓace. Matar ne ya yi ƙarfin hali ya matso, ya taɓa kafaɗarsa, ya taɓa fuskarsa, sannan ya ƙanƙame shi ya fashe da wani irin kuka da bai yi kama da na murna ba. Libas yana bubbuga bayansa yana dariya, idonsa kuwa yana bin layin dattawa ɗaya bayan ɗaya. Ya kai ƙarshen layi ya sake dawowa. Dariyar ta tsaya.

"Matar, ina Baye?"

Matar ya ja shi cikin gida. Aram tana zaune a kusurwar ɗaki a kan tabarma, lulluɓe da zanen takaba. Sadakar arba'in ɗin Njaga ake yi.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta miƙo hannu ta shafa kansa kamar mai duba ƙwarya ko ta tsage.

"Ka fito?"

"Na fito, Yay."

"Sauran fa?"

"Duk mun fito. Ko mutum ɗaya bai mutu ba."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Ta gyaɗa kai a hankali. "To, madalla da iyayensu." Ta ja zane ta rufe fuska.

Washegari Matar ya kai shi kan tudu ya gaya masa sauran. Ranar sun ga komai ta tsagar hazo, sun ga lambar, sun ga wutsiyar ta yi sama. Tsofaffin masunta suka ce wannan ba irin ta rannan ba ce. Aka jawo jirage har bakin ruwa. Njaga yana tsaye da ƙaho a hannu. Ya kai shi baki ya sauke. Ya sake kaiwa ya sauke. Matar ya ce, "Baye, bar ni in tura, ai ni ban rantse ba." Njaga ya ce, "Uba yana tsaye, ƙane ba ya turawa. Yaron ya ce agwagwa ce." Sai ya zauna a kan yashi ya jawo komar kamun kifi ya fara gyaranta, don mutane su ga hankalinsa a kwance yake su watse. Matar ya ce duk ƙullin da ya yi a ranar sai da aka kwance, ko ɗaya bai yi daidai ba. Yana ƙulli idonsa yana kan ruwa. Haka ya zauna har rana ta faɗi, yana jiran jirgi ya taso.

Da gari ya waye baƙin mai ya kwanta a gaɓa, tare da gutsattsarin katako da wata hula mai jan tuntu. Njaga ya ɗauki hular ya juya ta. Sannan ya busa ƙaho, ya yi ta busawa har leɓensa ya tsage, alhali kowa yana tsaye a gabansa. Aka fita, aka nema, aka sake fita. Da kwanakin nema suka cika, limami ya yi magana, mutane suka koma kamun kifinsu. Matar ya je Dakar tambaya, aka ce masa jirgi ya ɓata, ba a san komai ba, ya tafi.

Njaga bai koma kamun kifi ba. Ya samo doguwar igiya da ƙugiyar ƙarfe, kullum da asuba ya tura ƙaramin jirgi shi kaɗai zuwa wurin. Ba ya yarda kowa ya bi shi. Abokansa suka ce, Njaga, ƙarfen nan yana inda igiya ba ta kaiwa. Ya ce ba ƙarfe yake nema ba. Ya daina zama cikin mutane. Sau ɗaya Aram ta ji yana magana shi kaɗai yana cewa, "Duk rayuwata ban taɓa jin maganar yaro ba sai rannan."

Da iskar sanyi ta taso, teku ta yi fushi, manyan jirage ma suka zauna a gida, shi ya fita. Da yamma bai dawo ba. Matar ya busa ƙaho. Suka tarar da jirgin yana rawa a wuri ɗaya, igiya ɗaure a hancinsa ta miƙe ƙasa a tamke, ƙugiya ta kama wani abu. Rigarsa tana ninke a cikin jirgin, hularsa a kai. Njaga ya bi igiyar cikin ruwa don ya gani da idonsa. Teku ba ta mayar da shi ba.

Libas ya saurara har ƙarshe. Sannan ya miƙa hannu, Matar ya gane, ya ciro ƙahon daga wuyansa ya ba shi.

Bai koma aikin soja ba, su ma ba su neme shi ba. Ya ɗauki komar da ya gudu ya bari, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya binne uwarsa, ya binne Matar. Bakin nan mai kaifi bai mutu ba, har yau idan ya yanke ka sai ka je gida kafin jini ya fito. Amma daga ranar bai sake cewa wani mahaluki "dakata" ba. Ya busa ƙaho saboda kututturen itace. Ya busa saboda mataccen jaki da ruwa ya kawo. Ya taɓa tayar da gari ana tsakiyar ɗaurin aure, aka je aka tarar tulun roba ne. Samari suna kiransa Baye Ƙaho a bayan idonsa, ya sani, ya ce su yi ta yi, dariya ba ta taɓa binne kowa ba. A cikin busar banza goma kuma akan samu ɗaya ta gaske, akwai magidanta a garin nan da ke yawo da jikokinsu saboda ita.

Bana wasu mutane suka zo daga Dakar a mota, suka ce za a yi taron tunawa da yaƙin, ana neman tsofaffin da suka rage. Sun ji labarin jirgin da ya nutse kowa ya tsira, suna so ya je ya zauna a gaba, a rataya masa lamba, ya ba 'yan makaranta labari. Ya ba su shayi, ya raka su har mota, bai ce zai je ba, bai ce ba zai je ba.

Ni abin ya tsaya mini a rai. Na hau tudu na same shi zaune, ƙaho a cinya, ido a kan ruwa. Na zauna nesa da gefen da ke gangarawa.

Na ce, "Samb, sarkin ci, an ce har da rago za a yanka. Ka taɓa jin Samb ya ƙi rago? Zan ɗinka maka riga kyauta, shuɗiya, mai aiki har ciki, ka shiga Dakar su san bawana ba matsiyaci ba ne."

Ya ce, "Ɗinkinka ko kyauta ya yi tsada."

Na yi dariya, na ga kamar ƙofa ta buɗe, sai na sassauta murya. Na ce, "Baye Libas, don Allah ka je. Yaro ne kai a lokacin, kuma rantsuwa ba ita ke kashe mutum ba, kwana ne ya ƙare. Shekara arba'in da ɗoriya fa. Ita kanta tekun ta manta."

Bai ko juyo ba.

"Teku ta manta don ba ubanta ba ne, Mbaye. Kai ma haka. Matsa can, kanka yana kare mini ruwa."